Kaskon da na cire daga kayanki

Dogon Dutsi, ranar Laraba da hantsi

Zuwa ga ɗiyata Balkisa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Gesheme lafiya, mota ba ta lalace muku a hanya ba, kayanki ba su watse ba, ke kuma ba ki galabaita ba. Allah ya tsare ki a masaukinki, ya haɗa ki da maƙwabtan kirki. Na naɗe takardar cikin sallayarki don kada ki gan ta sai kin isa. Na san halinki, in na ba ki a hannu, a tasha za ki tsaya kina yi mini musu.

Madam Balkisa! Kai, Allah abin godiya. Tun ranar Litinin da babanki ya shigo yana kaɗa takardar tura ki aiki sama da kansa, hula a karkace, ban zauna wuri ɗaya ba. Na shiga gidan Hajiya Mariyama na faɗa, na fito na shiga gidan mai ɗinki na faɗa, har mai kayan miya na bakin titi sai da na tsare shi na ce masa ɗiyata ta zama malamar lakwal, malamar makarantar boko. Ya ce, "Hajiya, ai kin faɗa mini da safe." Na ce to, ka sake ji. Wata huɗu da suka wuce ina zaune bakin gadonki a asibiti a Doso, ina kallon robar iska a hancinki, ina ƙirga numfashinki. Yau ke ce za ki tsaya gaban aji, yara su miƙe su gaishe ki. Wa ya isa ya yi wannan in ba Allah ba?

Amma kin ga abin da ya faru a tsakar gida ranar nan. Na kama hanci zan rangaɗa guɗa, ko rabi ban kai ba tari ya turnuƙe ni, sai da kika kawo mini ruwa. Hajiya Mariyama ce ta yi guɗar ɗiyata, ni ina dafe da bango. Shekaruna arba'in da shida, Balkisa. Ba tsufa ya yi mini haka ba, ni na yi wa kaina. Abin da ya sa na zauna rubutu ke nan, don ciwon da ya kwantar da ke shi ne ya taɓa kwantar da ni, kuma na ga kin fara bin sawuna taki bayan taki. Kada ki ga ina murna ki ɗauka na yi laushi. Ki zauna ki karanta har ƙarshe.

In kin kwance kayanki za ki ga babu kaskon turare, babu kwalbar turaren wuta ko ɗaya. Ba mantuwa na yi ba. Na san abin kunya ne a ce Ramatu mai turare, wadda amaren Dutsi da Matankari ke jiran hannunta, ta sallami ɗiyarta ba tare da ƙamshin ɗaki ba. Goggonki ta cusa kwalba biyu a buhun zannuwanki, na bari ta tafi sallah na zare su. Humra na bar miki, ita shafawa ake yi. Abin da za a ɗora kan garwashi dai, a'a.

Kina da shekara huɗu, ƙanenki Sani yana goye, mura ta kama ni. Kwana shida ina jan jiki, sai ta sauka mini a ƙirji. Aka kai ni Doso ban san inda kaina yake ba. Likita ya ce ƙwayar birus ce irin ta mura ta shiga huhu, kalmar da aka faɗa mana a kanki ke nan bana. Na yi kwana goma sha biyu. Ranar sallama ya zaunar da ni, da ya ji na yi kolej sai ya yi mini bayani da Faransanci, a hankali. Ya ce zazzaɓi ya tafi amma huhu bai gama warkewa ba, kamar ƙuna ne da ya fara sabuwar fata, ƙaramin abu sai ya ɗaye shi. Ya ce in nisanci hayaƙi, in riƙa tafiya kaɗan kaɗan, in dawo bayan sati shida a ɗauki hoton ƙirji. Na ce, "To, dokta." Har da jinjina kai, kamar ɗalibar da ta gane darasi.

Na dawo gida mata suka cika ɗaki da barka. Kowacce ta shigo sai ta ce, "Ramatu, ai kin warke garau, har kin fi da kyau." Maganar ta yi mini daɗi. A cikinsu akwai wadda bikin ɗiyarta ya rage kwana goma, kuma tun kafin in kwanta na yi mata alkawarin turare. Ta ce, "Ki bari kawai, zan kai wa wata." Wata! Wannan kalma ce ta tashe ni daga kan tabarma. Na ce wata wa? Ni da raina za a kai wa wata?

Kin san yadda ake aikin. A narka sukari har ya yi ja, a zuba itace da kajiji da farce, a yi ta juyawa ana yayyafa madarar turare, hayaƙi yana tashi mai kauri. Kuma yadda uwata ta koya mini, ba a yi a fili, iska za ta kwashe ƙamshin. Sai na shiga ɗakin baya na ja ƙofa, na toshe taga da tsumma. Yini uku na yi haka, kwana takwas da fitowata asibiti. Babanki ya buga ƙofa ya ce, "Ramatu, me likita ya ce miki?" Na ce, "Malam, wannan ai ƙamshi ne, hayaƙin icce yake nufi." Ni da na zana huhu a allo a aji na uku na kolej, mushe malaminmu ya yaba mini gaban kowa, ni na faɗi wannan magana. Turaren ya yi kyau, har yau ana zancensa. Tarin da na fito da shi daga ɗakin nan kuwa bai taɓa barina gaba ɗaya ba.

Don haka ki ji. A Gesheme za a kawo miki turare, don ke baƙuwa ce kuma Madam, kuma sun san ɗiyar wa ce ke. Ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki ba maƙwabciya. In kin shiga ɗakin biki ko suna kika tarar an rufe ƙofa an cika kasko, ki gaisa daga bakin ƙofa ki zauna a tsakar gida. Za a ce kina da girman kai. Bari a ce. Maganin sauro na kunnawa ma ban yarda ba, ga gidan sauro nan sabo na sa miki. 'Yar tukunyar gas da babanki ya ɗaure miki, don girki aka yi ta, ba don ki ajiye ta ado ba. Ran da gas ya ƙare dole sai icce, ki kafa murhu a fili, ki zauna ta inda iska ke fitowa, kuma kada ki durƙusa kina hura wuta da baki. Mafici na nan a cikin kwando.

Kuskure na biyu ya fi na farko wauta. Kaka ta yi, muka je Matankari gidan mahaifina. An kawo damman hatsi, matan gida da na maƙwabta sun taru ana sussuka, turmi biyar a jere, ana waƙa ana tafi tsakanin bugu. Ni ina zaune a inuwa da Sani. Sai Gwaggo Dije, ƙanwar babana, wadda lokacin ta haura sittin, ta ɗaga taɓarya ta kalle ni ta ce, "Matar birni, hannun ya yi laushi ko? Zamna abinki, mu tsohi mu daka miki." Mata suka kwashe da dariya. Wasa take yi, Allah ya jiƙanta, haka take da kowa. Amma na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na sauke Sani na ɗaure ɗamara na karɓi taɓarya. Da aka gama sussuka na ɗauki ƙwarya na shiga shiƙa, ƙaiƙayi yana tashi yana dawo mini a fuska. Ina ji ƙirjina yana kukan kyanwa, ina ci gaba, don kada a ce 'yar lakwal ta gaza.

Ban san lokacin da na zube ba. Na farfaɗo a ɗakin Gwaggo, ina jan iska ba ta shiga.

Gwaggo ta ce, "Wagga ba cutar lokotoro da asibiti ba ce. Na gan ta ɗazu ta bi gindin tsamiya da rana tsaka. Doguwa ta taɓa ta. Ku kawo garwashi."

Aka kawo, ta barbaɗa saiwoyi da ganyaye, aka zaunar da ni a kan kaskon aka lulluɓe ni da bargo har kai. Ana cikin haka kawunki Nasiru ya shigo. Lokacin yana saurayi, ya fara kasuwanci a Dutsi, ya fara zuwa wa'azi, bai daɗe da rage tsawon wandonsa ba. Ina jin su daga cikin bargo.

"Gwaggo, ki ji tsoron Allah! Wannan ai shirka ce!"

"Kai, rufa mini baki. Ran da anka haihe ka ba ka ko motsi, da wanga hayaƙi munka tashe ka. Sannan ba ka da wando ko guntu."

"Ki buɗe ta, ni zan yi wa Yaya ruƙiya."

"Yi mana, malam. Wa ya riƙe maka baki?"

Ya yaye bargon, na ji sanyin iska, na ce Alhamdulillahi, ga mai ceto. Ya yi karatunsa, karatu mai daɗi kuwa. Da ya gama sai ya zaro ƙullin habbatussauda daga aljihu ya ce a ƙaro garwashi. Balkisa, kwana huɗu na yi a Matankari, hayaƙin Gwaggo da safe, hayaƙin Nasiru da la'asar, kowanne yana jiran ɗayan ya fita. Yanzu in mun tuna ni da Nasiru dariya muke yi har ya share hawaye. Amma su biyun nan sun yi ta jayayya a kan wane hayaƙi ne halal, babu wanda ya ce a mayar da ni wajen likita. Ba na zarginsu, kowa abin da ya sani ya yi, kuma don so suka yi. Wadda ta san abin da ke cikin ƙirjinta, wadda aka yi wa bayani da Faransanci, tana zaune cikin bargo ta yi shiru don kada ta ɓata wa manya rai.

Kin isa Gesheme daidai lokacin da ake kawo hatsi gida. Wallahi kamar ina gani: matan gidan da kika sauka suna sussuka, ke kin dawo daga lakwal da jakarki, wata tsohuwa ta tsokane ki, ke kuma jinin Ramatu ya motsa. Ki ajiye zuciya. Ki ce, "Inna, ciwon huhu na yi, likita ya hana ni ƙura." Magana ce gajeriya, ba ta kashe kowa. Ki ɗebo musu ruwan sha, ki saya musu goro, ki zauna can gefe kina taya su hira. A aji ma haka. Allo da jiƙaƙƙen tsumma za ki goge shi, garin alli ba abin shaƙa ba ne. Kafin a yi shara a yayyafa ruwa, ke kuma ki fita sai an gama. Kada ki yi ta ɗaga murya kina gasa da yara sittin, ki buga tebur ki yi shiru ki kafe su da ido, kin ga yadda nake yi muku. Addu'a kuwa ki riƙe ta sosai, safe da yamma, duk wanda zai yi miki karatu ki ce amin. In an kawo garwashi dai, ko wane ne ya kawo, ko da wane suna, ki tashi.

Sati shida da likita ya ce in dawo suka wuce, ban koma ba. Takardar tana cikin kwalla ta uku a jeren ɗakina, na san inda take, kullum ina ganin murfin. Na ce wa kaina mai lafiya me zai je nema a asibiti, a gan ni a can a ce Ramatu ta sake kwantawa. In tari ya matsa sai in tsayar da masu yawo da magani a tire in sayi 'yan kafso ja da rawaya in haɗiya biyu. Bana ne, a kanki, na ji likita yana cewa irin waɗannan ba sa taɓa birus, kuma shan su barkatai ɓarna yake yi. Na sunkuyar da kai kamar da ni yake.

Ga sakamakon, kina ganinsa tun kina ƙarama, kin ɗauka haka aka halicce ni. Duk sanyi sai na kwanta. Daga gida zuwa kasuwa sau biyu nake tsayawa, in yi kamar ina gaisawa da wata. Dutsen garin nan da muke hawa muna 'yan mata da gudu, rabona da shi tun kafin ki shiga lakwal. Ayar da nake karantawa da numfashi ɗaya, yanzu sai na yanka ta uku. Kada ki sayi magani a tire, Balkisa, ko na ciwon kai ne. Akwai gidan likita a Gesheme, ki je satin farko ki gabatar da kanki, ki nuna musu karnenki, katin asibitin nan, su san tarihinki tun kina kan ƙafarki. Ki tambaye su ko akwai allurar rigakafi da ta dace da mai irin ciwonki. In zazzaɓi ya dawo, ko kika ga jini a majina, ko kika ga kina ramewa, ko numfashi ya ƙara gajarta maimakon ya ƙaru, ranar za ki je, ba gobe ba.

Saura wanda ya fi yi mini nauyin faɗa. Kin ga sunanki a saman takardar nan, kin kuma san bakina bai saba furta shi ba. Ke ce ta fari, haka muka tarar, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. "Ke" nake ce miki, ko "yarinyar nan". Ba na cewa al'adar banza ce, tana da kyanta, tana koya wa uwa kamun kai. Amma ni na kai ta inda ba a kai ta. Kwana biyar kina tari kina rawar sanyi, ina jin ki ta bango. In an tambaya sai in ce, "Mura ce, raki ne irin na 'yan yanzu." Da Sani ne, tun kwana na biyu na tayar da gida. Har turare na sa miki a ɗaki don masu zuwa dubiya kada su ji warin ciwo.

Madam Hauwa ce ta cece ki, matar ma'aikacin nan da aka turo daga Damagaram, wadda ta taɓa aikin jinya. Ta shigo aron rariya, ta ji tarinki, ta leƙa. Ta kama hannunki ta dubi farce, ta dubi leɓɓanki, ta fito da kaskon ta dire shi a tsakar gida.

Ta ce, "Hajiya, tun yaushe take haka?"

Na ce, "Yarinyar nan? 'Yan kwanaki ne, za ta ware."

Ta ce, "Wace yarinya? Ɗiyarki ce ko ta maƙwabta? Leɓɓanta sun canza launi. Ki ajiye kunyar nan ki ɗauko mayafi, ni zan kira mota."

Mace ƙanwar bayana, baƙuwa a unguwa, ta yi mini tsawa a gidana. Har gobe ina yi mata addu'a. Daga nan asibitin gari, daga can aka wuce da ke Doso, kwana goma sha shida. Likita bai ce mini komai ba game da jinkirin, tambaya ɗaya ya yi, yaushe ta fara. Da na ce kwana biyar sai ya rubuta kawai. Na gwammace ya zage ni.

Kuma ban daddara ba. Da muka dawo, wata guda kina kwance kina barci da rana, na fara faɗa. Na ce lalaci ne, na ce sa'o'inki suna can suna aiki. Alhali an gaya mana a gabana cewa gajiya da haki suna iya ɗaukar watanni bayan irin wannan ciwo, jiki a hankali yake dawowa. Na ji da kunnena, amma bakina ya saba. Ki yafe mini wannan. Ban iya faɗa ido da ido ba, ga shi a rubuce.

Darasin da ke ciki naki ne ke ma, don ke kunyarki ta wani fanni ce. Ba ki son a ce kin gaza. Ranar Asabar ina kallonki ta taga kin ɗebo ruwa a famfon unguwa. Kin zo daidai gidan mai ɗinki kika sauke bokiti kika duƙa kina gyara takalmi. Silifa ce a ƙafarki, Balkisa, me ake gyarawa a silifa? Na ga kafaɗunki suna hawa suna sauka. Wannan dabarar ni na ƙirƙiro ta, shekara goma sha tara ina yin ta. Kin shigo na ce lafiya, kin ce, "Lafiya lau, Inna." Na san tsoronki. Kina gudun a ce ba ki da ƙoshin lafiya a ba wata gurbinki, bayan duk wahalar karatun da kika sha. Ni ma ina son aikin nan, na fi ki so, duk Dutsi ta shaida. Amma aji ba yini ɗaya ba ne, shekaru ne a tsaye ana magana, kuma da huhun nan za ki yi su. Haki a wata na huɗu ba abin kunya ba ne, likita ya ce yawancin masu irin ciwonki suna samun sauƙi in sun kula. Ɓoyewar ce nake tsoro. Ki ci gaba da tafiyar da aka ce ki riƙa yi da safe, kullum ki ƙara kaɗan. Ki yi numfashin da aka koya miki, ki ja ta hanci, ki fitar a hankali ta tsukakken baki. In kin gaji ki zauna a fili kowa na gani, ki ce na gaji. Ki ci abinci, na ga wuyanki.

Sai maganar randebu, ranar komawa wajen likita. An rubuta miki ki koma Doso a sake hoton ƙirji a gwada numfashinki, kuma ranar ta faɗo sati na uku da buɗe lakwal. Na ji abin da kika ce wa babanki kuna zaure, ba laɓe na yi ba, muryarki ce ta fito. Kin ce sabuwar malama ba ta fara aiki da neman izini, darakta zai ɗauke ki mai wasa, za ki bari sai hutu. Ni ma sai bayan biki na ce, sannan sai bayan kaka, sannan sai an yaye Sani. Sani yanzu gemu gare shi.

Tun ranar da za ki kai takardarki ofis ki nuna wa darakta ta likita, ki ce ranar kaza ba na nan, kafin ma ya san kalar rubutunki. Mutum ne, yana da 'ya'ya. In ya yi gardama ki kira ni a salula ki ba shi. In ya ƙi karɓa zan hau mota in zo Gesheme da kaina, kuma kin san ba a so a ga Ramatu a ofis da mayafi a ɗaure a ƙugu.

Yanzu ga albishir, na ɓoye shi har ƙarshe don in ji daɗin faɗa. Jiya na je wajen Madam Hauwa na ce ta tambayar mini ko ana duba wanda ya makara da shekara goma sha tara. Ta yi dariya har ta zauna, ta ce ana dubawa mana. Ta gaya mini gaskiya, ta ce in akwai tabo a huhu ba lalle ya goge ba, amma akwai abin da ake bayarwa ya sauƙaƙa numfashi, kuma gara a sani. Ta yi magana da wata abokiyar aikinta ta dā, an ce in zo ranar da aka ba ki. Babanki ya amince, har ya ce ashe ana shiryuwa da girma. Na kuma gaya wa masu bikin watan gobe su kai wa wata. Da bakina na faɗa, kuma ban mutu ba.

Don haka ranar nan ke ki taso daga Gesheme, ni in taso daga Dutsi a motar farko, mu haɗu a ƙofar asibiti. Ni ban taɓa tsayawa gaban na'urar hoton nan da ƙafata ba, wancan karon a kwance aka tura ni, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina tsoron abin da za a gani. Ke kin saba, ke za ki shiga gaba ki nuna mini inda ake tsayawa. Zan zauna a bencin bakin ƙofa da sabon leshina, ba zan shiga ba sai kin zo. In ba ki zo ba, haka zan yini a wurin in koma gida ba a duba ni ba, kuma kin san in na faɗa ina aikatawa.

Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya buɗe ƙirjinki, ya sa albarka a aikinki da yaran da za ki koyar. Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya kare ki daga zazzaɓi da mugun sanyi da mugun baki, ya sa mutanen Gesheme su riƙe ki kamar tasu. Babanki yana sa miki albarka, Sani yana gaishe da Madam, kawunki Nasiru ya ce a gaya miki ya tuba da garwashi. Ki gaishe mini da masu masaukinki tun kafin in san sunansu.

Sai mun haɗu a Doso, in Allah ya kai mu.

Mahaifiyarki,
Ramatu